Ranar Da Na Ce Na Gaida Malam

Ba zan taɓa mantawa da yammacin ranar addu'ar bakwai ta Baffa ba, duk da cewa na so ƙwarai in manta. Shekaru sun ja, amma har yau in abin ya faɗo min a rai sai in ji gumi yana tsattsafo min a ƙeya, ko da a gaban fanka nake zaune. Ɗalibaina ba su taɓa jin labarin nan ba. Matata ma guntu-guntu ta tsince shi a bakin dangi. Yau dai na ce bari in faɗe shi da bakina, tunda ni na yi abin.

Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare, kuma in ka ambaci Kano, to ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Zan jero maka ƙofofin gari ba tare da na numfasa ba, in faɗa maka wadda aka rushe aka sake ginawa da siminti, in bi da kai Dala da Kurmi da karofin Ƙofar Mata har ka fara neman hanyar gudu. Duk ranar da aka yanki wani ɓangare na ganuwa aka dasa shaguna, ni ne na farkon rubuta dogon kuka a waya, ina caccakar mutanen da ba su san darajar abin da suka gada ba. (Rubutun nan a falona nake yin sa, a wata sabuwar unguwa can bayan gari, inda bishiyar da ta fi kowacce tsufa ni na dasa ta.) A makaranta har laƙabi aka yi min, wai Bakano na asali, ni kuma ban taɓa cewa a daina ba.

Gidanmu na gado yana Yakasai, can cikin lungu, ginin ƙasa mai zaure da soraye biyu kafin ka kai tsakar gida. Amma ni ba a nan aka haife ni ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar gidan tun yana saurayi da ya sami aikin gwamnati, ya yi gininsa a waje, a can muka tashi. Mutum ne marar son zancen da. Akwai wasu al'adu na gidan da ba su kwanta masa ba, amma bai taɓa zama ya faɗa mana ko waɗanne ne ba, mu kuma ba mu da fuskar tambaya. Cikin gari a wurinmu wajen zuwa ne ranar Sallah: mu shiga da sababbin kaya, mu durƙusa wa yayarsa Gwaggo, a cika mana ciki da waina da alkaki, mu fito kafin la'asar.

Kullum kuma in za mu tafi sai Gwaggo ta ce da mahaifina, “An gaida Malam?”

Shi kuma ya ce, “Za a gaishe shi, Yaya,” yana neman takalminsa.

Ba a taɓa gaishe shi ba, aƙalla ba a gabana ba. Ni dai na ƙera shi a raina tun ina ɗan shekara shida: wani tsoho ne tukuf a can sashen baya, mai farin gemu, wanda ciwon ƙafa ya hana shi fitowa, kuma akwai 'yar tsama tsakaninsa da mahaifina. A cikin gari wane gida ne babu Malam? Na girma, na yi digiri, na yi aure, na haifi 'ya'ya uku, tsohon nan yana nan zaune a kaina da geminsa. Ban taɓa zama na yi lissafi mai sauƙi ba, cewa wanda yake tsoho tukuf ina shekara shida, yanzu da na haura arba'in ya kamata a ce ana zuwa kallonsa daga wasu garuruwa.

To, Baffa ya rasu. Shi ne wan mahaifina, kuma shi ne namiji na ƙarshe a 'yan ɗakinsu. A hannunsa mukullin ɗakin baya yake, ɗakin da na sha jin cewa tsofaffin littattafan gidan suna ciki, rubutun hannu, tun na kaka da kakanni. Ranar uku Gwaggo ta aiko cewa duk 'ya'yan ƙannenta da na yayyenta su hallara ranar bakwai bayan an watse, za ta damƙa mukullin a hannun mutum ɗaya, saboda ita ma, a faɗarta, ba ta san ko za ta ga wata daminar ba. Wanda ya karɓi mukullin nan shi ne zai riƙe amanar gidan, shi za a ji ta bakinsa in an zo maganar gyara ko rushewa.

Na so mukullin nan, ba zan ɓoye ba. Rabin dalilin kishin gida ne, rabin kuma (wanda ya fi girma, in za a auna) littattafan ne. Har na fara hango kaina a gaban taro ina gabatar da takarda a kan rubuce-rubucen kakannina, ana tafi. Abokin takarata kuma ɗaya ne, Yaya Habu, babban ɗan Baffa. Kayan gini yake sayarwa a kasuwar Ƙofar Ruwa, rodi da kwano da ƙusa, karatunsa bai wuce firamare ba. Na ji ƙishin-ƙishin cewa yana son a rushe wani sashe na gidan a tayar da shi da bulo. Shi ke nan na yanke masa hukunci tun daga falona: ga irin mutanen da suka cinye ganuwa, yanzu sun juyo kan gidanmu.

Ranar bakwai na sa farar shadda, na ɗora hula zanna, na rubuta 'yan bayanai a takarda na sa a aljihu. Na ajiye mota a bakin titi na shiga lungu da ƙafa. Abin da ban faɗa wa kowa ba sai yau shi ne na ɓata. Ranar jana'iza da ranar uku ayari na bi, yau kuwa ni kaɗai ne. Lungunan Yakasai ba sa bin taswirar waya. Ka shiga wannan ya kai ka bakin kwata, ka juya ka shiga wancan ya ƙare a ƙofar gidan mutane. Sau biyu ina wuce wata mata mai tuyar awara a ƙofar gida. A karo na uku ta ɗago ta ce, “Alhaji, baƙo ne? Gidan wa ake nema?” Na faɗa mata sunan Baffa, murya ƙasa-ƙasa. Ta nuna min da matsamin da ke hannunta, ashe taku ashirin ne tsakanina da ƙofar.

Kafin in shiga an shafa fatiha, maƙwabta sun watse, an fara naɗe tabarmin waje. Na ratsa zaure da sorayen da sauri ina amsa gaisuwa a tsaye, na faɗa tsakar gida. Dangi sun cika rumfar ƙofar ɗakin Gwaggo, maza a gefe ɗaya, mata a gefe ɗaya, ga ƙwaryar gumba da ragowar waina a faranti. Gwaggo tana zaune a kan buzu ta jingina da bango, ta rame ƙwarai, carbi a hannunta. Na durƙusa na yi mata gaisuwa da ƙarin haƙuri. Ta dafa kaina ta ce, “Ɗan waje, ka iso?” Haka take kirana tun ina yaro, kuma ranar ne kaɗai sunan ya yi min zafi.

Yaya Habu ne ya fara magana, kuma bai ja ta ba. Ya ce katangar gabas ta tsage tun daga sama har ƙasa, yaɓe ya daina riƙe ta, maginan ƙasa kuma na kirki sun ƙare a gari, saura ɗaya ko biyu da ƙarfinsu ya tafi. Ya ce in ba a sauke ta an tayar da bulo kafin ruwa ya sauka ba, zai iya zama abin da ba a so. Ya sunkuyar da kai.

Sai na gyara zama. Jama'a, na yi jawabi. Na fara daga kan dutsen Dala na gangaro. Na yi maganar tubali da makuba da azara, da yadda ginin ƙasa yake sanyi da bazara. Na kawo zancen fatake da marina da malaman da suka sa sunan garin nan ya kai ƙasashe. Na ce al'ummar da ta rushe gidan kakanninta ta rushe kanta. Na ce abin takaici ne a ce wasu ba su ga komai a jikin katanga ba sai wajen sa rodi. (Da na faɗi wannan ban kalli Yaya Habu ba, amma kowa ya kalle shi, abin da nake so ke nan.) Mutumin nan kwana bakwai da binne mahaifinsa, ni kuma ina yi masa habaici a tsakar gidan da ya tashi. A lokacin ban ga haka ba sam, daɗin muryata kawai nake ji.

Da na ƙare, wasu daga cikin matasa suka gyaɗa kai. Gwaggo ta daɗe tana jan carbinta. Sannan ta ɗago ta dube ni, fuskarta da alamar jin daɗi, ta ce:

“Ka yi magana, ɗana. Allah ya yi albarka. Da ka shigo, ka gaida Malam kuwa?”

Ga inda ya kamata in ce, “A'a, Gwaggo, na makara, yanzu zan je.” Ko ma in faɗi gaskiyar gaba ɗaya, in ce ban taɓa ganinsa ba, a nuna min ɗakinsa. Amma yaya mutumin da ya gama jawabi a kan kakanni zai ce bai gaida tsohon gidan ba? Ina ji a jikina mukullin ya kusa zuwa hannuna, ba na son komai ya rage min maki.

Na ce, “Na gaishe shi, Gwaggo.”

Ta ce, “Madalla.”

Da na tsaya a nan, wallahi da na tsira. Ba wanda zai bincika. Amma bakin malamin makaranta ba ya son amsa gajeriya, sai ya yi ƙarin bayani.

Na ce, “Na same shi yana lazimi. Ya ce jikin da sauƙi, ƙafar ce dai take matsa masa.”

Na ga hannun Gwaggo ya tsaya a kan carbi. Wata daga cikin matan ta ɗago kai da sauri. Ni kuwa na ɗauka mamakin ladabina suke yi, don haka na ƙarasa haƙa ramin da hannuna:

“Har ma mun ɗan taɓa zancen gidan. Ya ce shi ma ba ya son a taɓa katangar nan.”

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Ana jin ƙarar injin markaɗe daga can wani lungu. Wata tsohuwa a cikin matan ta ce, “Innalillahi wa inna ilaihi raji'un,” a hankali, kamar an kawo mata sabon saƙon mutuwa. Wani ƙanina ya cusa fuskarsa a cikin hularsa, kafaɗunsa suna rawa. Yaya Habu bai yi dariya ba. Ya dube ni sau ɗaya, ya mayar da idonsa ƙasa, kuma abin da na gani a idon nan tausayi ne, wanda ya fi min dariyar ciwo.

Gwaggo ta ce, “Ya yi maka magana?”

Na ce, “E... wato... sama-sama dai.”

Ta ce, “Ikon Allah. Ni shekara tamanin ina gaishe shi, bai taɓa amsa min ba.”

Ban gane komai ba tukuna, amma na san na taka wani abu. Ta miƙo hannu ta ce, “Habu, tashe ni.” Ya ɗaga ta a hankali. Ta ce da ni, “Kai kuma zo ka riƙe ni ta nan. Mu je ka nuna min inda kuka zauna.”

Muka ratsa tsakar gida, ita a tsakiya, mu biyu a gefe da gefe, dangi suna bin mu da ido. Tafiyar ba ta fi taku talatin ba, amma Gwaggo ba ta sauri, kuma kowane taku sai da na ji shi. Muka wuce rijiya, muka bi wani siririn lungu a bayan madafa wanda ban taɓa sanin yana nan ba, muka iso ƙofar wani ɗan ɗaki mai gajeriyar ƙofa. A buɗe take saboda ranar addu'a ce, ga takalman waɗanda suka shiga ɗazu sun bar sawu a ƙasa. Ashe wannan ne ɗakin baya, mai mukullin da nake nema. Ta ce, “Cire takalminka.”

Sai da idona ya saba da duhun ɗakin sannan na gani. A gefe ɗaya akwatunan ƙarfe biyu ne a kan duwatsu, da gafaka uku a rataye a bango. A ɗaya gefen kuma, jikin katangar gabas, wani ɗan tudun ƙasa ne mai tsawon mutum, an malala masa rairayi mai tsabta, an share gefensa har ana ganin sawun tsintsiya.

Gwaggo ta ce, “Ga Malam.”

Na durƙusa ba da niyya ba. Na san a littafi cewa a da akan binne manyan malamai a cikin gidajensu a birni. Na sani sarai, har na taɓa koyar da shi a aji, na rubuta a allo, yara suka kwafa. Ban taɓa kawowa a raina cewa a gidanmu akwai irin wannan ba.

Ta zauna a bakin ƙofa, ta yi magana ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta ce kakansu ne, mahaifin mahaifinsu. Daga ruga ya zo, ta arewa, ya shigo ta Ƙofar Ruwa da 'yan shanunsa, da niyyar ya yi karatun rani ɗaya ya koma. Karatu ya riƙe shi. Ya riƙa sayar da shanun ɗaya bayan ɗaya don ya zauna, har ranar da ya wayi gari ba shi da ko maraƙi, sai littattafai. A ɗakin nan ya zauna ya karantar har tsufa, kuma da ya rasu ɗalibansa suka ce ba za a fitar da shi daga inda ya ƙare rayuwarsa ba. Ta ce tana 'yar ƙarama a lokacin, abin da ta riƙe kawai shi ne an hana su kuka da ƙarfi. Tun daga ranar duk ɗan gidan da ya shigo, kafin ya zauna, yakan zo nan ya yi sallama ya yi masa addu'a. Abin da ake nufi da gaida Malam ke nan.

“To gaishe shi,” in ji ta.

Sallamar da ake yi wa mazauna kabari na san ta tun ina Islamiyya, amma a lokacin ta gudu ta bar ni. Ina durƙushe, farar shaddata a cikin rairayi, takardar jawabina tana min ƙara a aljihu. Sai na ji muryar Yaya Habu a bayana, ƙasa-ƙasa, ya fara karantawa, yana tsayawa bayan kowace gaɓa don in bi. Haka na bi shi har ƙarshe, kamar ɗan aji ɗaya.

Da na ɗaga kai don shafa addu'a sai idona ya sauka a kan rufin. A cikin tsofaffin azarori baƙaƙe akwai sababbi guda huɗu ko biyar, an saka su da kyau. Sannan na ga tsagar. Ta taso daga saman katangar gabas ta gangaro har kusa da kan kabarin, faɗinta ya isa mutum ya zura hannu, an cusa mata tsumma da ƙasa an tokare bangon da gungumen itace. Wannan ce katangar da na ce Malam ya ce kar a taɓa. In ta faɗi, a kansa za ta faɗi.

Gwaggo ta bi idona da kallo ta ce, “Yayanka ne yake wannan. Duk Juma'a daga masallaci nan yake yowa, ya share, ya duba rufi. Tun ƙafar Baffanku ta daina zuwa.”

Na juya in ce wani abu, Yaya Habu ya ɗaga min hannu alamar in bari.

Na ɗauka faɗa za ta yi min, kuma da ta yi da na fi samun sauƙi. Sai ta ce:

“Ƙaryar ba ta dame ni ba, ɗana. Kunya ce ta sa ka, na sani. Abin da ya dame ni, a ce ɗan ƙanina ya yi furfura a gemu bai san inda kakan ubansa yake kwance ba. Kuma ba laifinka ba ne kai kaɗai. Shekara nawa ina tambayar ubanku an gaida Malam, yana ce min za a gaishe shi, ina kallo kuna fita? Ban taɓa tashi na kama hannunku na kawo ku ba. Ina jin nauyinsa, shi ma yana jin nawa, har ƙasa ta rufe shi.”

Muryarta ta karye a nan. Ban taɓa ganin Gwaggo tana hawaye ba, ko ranar da aka fita da Baffa. Ta goge ido da gefen mayafi, ta kwance haɓar zaninta, ta ciro wani ɗan mukulli baƙi da aka ɗaure da zare.

Ta ce, “Kai na yi niyyar ba wa. Na ce Habu hidima ta yi masa yawa, ga kasuwa ga iyali, kai kuma mai karatu ne, za ka san darajar abin da ke cikin akwatunan nan. Da wannan niyyar na kwana.”

Ta miƙa wa Yaya Habu. Ya karɓa da hannu biyu.

“Littattafan kuwa,” ta ce da ni, “in kana son dubawa ka tambayi yayanka ya buɗe maka. Amma a nan za ka karanta, ba a fita da su.”

Na ce to. Ita ce kalma mafi gajarta da na faɗa a ranar, kuma ita kaɗai ce ban yi nadamarta ba.

Yadda na koma rumfar nan na zauna a cikin dangi, ban san shi ba. Ba wanda ya tayar da zancen, sai ma wata ƙanwata da ta turo min farantin waina gabana, kamar marar lafiya. Da aka tashi, Yaya Habu ya rako ni har bakin titi, wai don kar in sha wahalar lungu (ashe mai awara ta riga ta ba da labari). A hanya na ce, “Yaya, ka yafe min maganar da na yi.” Ya ce, “Wacce daga ciki?” Sannan ya dafa kafaɗata ya ce, “Bar shi. Ranar Asabar za a fara sauke katangar, in kana da hali ka zo, ana buƙatar hannu wajen kwashe akwatunan.”

Na je. Ni na ɗauki gafaka biyu a ƙirjina, aka lulluɓe kabarin da tabarmi da kwano don kar ƙasa ta zubo masa, aka sauke katangar a hankali, aka tayar da ita da bulo. Ba ta yi kyau ba, gaskiya, har yau in na kalle ta sai na ji wani iri. Amma ruwan shekarar ya zo da ƙarfi, gidaje sun faɗi a unguwar, ɗakin Malam ko ɗigo bai yi ba. Littattafan kuma da aka buɗe min, sai na tarar ba na iya karanta irin rubutun, layi biyu ya gagare ni. Yanzu wani dattijo a masallacin unguwar ne yake koya min, ranar Juma'a bayan an sauko, kuma ba ya yaba ƙoƙarina.

Gwaggo ta ga daminar, amma ba ta ga ƙarshenta ba. Kafin ta rasu na kai mata 'ya'yana uku, ta sa aka ɗaga ta, ta kama hannun babbar da kanta ta kai su ɗakin. Ina tsaye a bakin ƙofa ina jin tana faɗa musu abin da ta faɗa min, kalma bayan kalma. Na yi kuka ranar, kuma ban ɓoye ba. Abin da yake ci min rai har yanzu shi ne tsohuwar nan ta kwana da niyyar ba ni amanar gidanmu, ni kuma na zo na karɓe ta daga hannun kaina da jimla uku.

Ban zama wani mutumin kirki na daban ba, kar in yi muku wata ƙaryar. Har yanzu ina son jawabi, har yanzu in aka taɓa ganuwa sai na yi rubutu. Abin da ya canja kaɗan ne. Na koyi cewa “ban sani ba” ba ta kashe malami, ko a gaban aji, ko a gaban dangi. In kuma wani tsoho a cikin gari ya tambaye ni ko na gaida wane, ba na saurin amsawa. Nakan ce, “Tukuna. A ina yake?” sannan in bi wanda ya san hanya, in yi shiru har mu isa.